Budapest a tsakiyar Disamba: mu je ko mu haƙura sai an yi ɗumi?

Maman Haidar: Salam jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Maigida ya samu ɗan hutu a tsakiyar Disamba, Alhamis zuwa Lahadi, muna Munich, shi ne ya ce mu leƙa Budapest, babban birnin ƙasar Hangari, tunda akwai jirgin ƙasa kai tsaye daga nan, wajen awa 7. Ni kuma wlh zuciyata biyu, sanyin nan Jamus ma ya ishe ni balle in ɗauki ƙafa in bi shi har wata ƙasa ga yaro ɗan shekara 5. Wanda ya san garin lokacin hunturu ya gaya min gaskiya tsakani da Allah, akwai abin gani ko zaman otal kawai za mu je yi? Sai maganar abinci, an ce mutanen nan da alade ba su rabuwa.

Likitan Gobe: Wslm Anti. Ni a garin Debrecen na nan Hangari nake karatu, Budapest kusan nan muke zuwa duk sanda aka samu ɗan sarari. Ki je. Amma ki sani abin da zai dame ki ba sanyin ba ne, duhu ne. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, azahar wajen sha biyu saura, la'asar kafin 2, wato in kuka yi baccin safe kuka fito 11 to ranar ta tafi. Sanyin kuwa bai fi na Munich ba, yawanci tsakanin digiri 0 zuwa 4 yake yawo, sai dai iskar bakin kogin Danube da hazo. Dusar ƙanƙara ba tabbas, kar ki yi wa Haidar alkawari.

Alhaji Na Kwari: Ikon Allah. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya biya otal don ya je ya sha sanyi a garin da rana ke faɗuwa ƙarfe 4. Hajiya kuɗin nan in kuka haɗa da ɗan ƙari ai Umra ce, ko ku turo gida a sayi buhun shinkafa a raba, mutane na cikin wani hali.

Maman Haidar: Alhaji Allah ya ƙara arziki, na gida muna turawa duk wata ba fashi, wannan daban. Tunda muka zo daga aiki sai gida sai makarantar yaro, mutum har ya fara magana shi kaɗai.

Hajiyar Manchester: Alhaji ka bar yarinya ta sha iska mana, ku da kuke Kano kullum cikin biki da suna da zumunci ba za ku gane zaman nan ba. Ƙanwata ki shirya ki tafi. Ni na je da 'yata wani Disamba kuma abin da ya fi burge ni shi ne duhun da Likita ke kuka da shi, don garin nan da dare aka yi shi, da an kunna fitilu a ginin Majalisa da gadojin nan sai ki rasa inda za ki kalla, kuma ba sai kin jira 10 na dare kamar lokacin zafi ba, biyar na yamma kin gama gani kin koma ɗaki kin kwantar da yaro. Ki hau taram (ɗan jirgin ƙasa na cikin gari) lamba 2, shi ke bin bakin kogi ta ɓangaren Pest, wato gabashin kogin (Buda ce ta yamma), kina zaune cikin ɗumi kina kallon fadar sarki a ƙetare, kuɗin tikitin gari kawai.

Ɗan Damagaram: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ni daga Beljiyam na je ta sama. Abin da zan ƙara shi ne kuɗi, ƙasar ba yuro suke ci ba duk da suna cikin Tarayyar Turai, forint ne kuɗinsu, yuro ɗaya na kai forint ɗari uku da wani abu zuwa 400 gwargwadon lokaci. Kati na aiki kusan ko'ina har wajen masu rumfa, in injin ya tambaye ki yuro ko forint ki zaɓi forint kullum, in kika zaɓi yuro su za su yi miki canjin da farashin da suka ga dama. Kar ki yi canji a tasha ko filin jirgi. A gidan abinci kuma ki duba takardar, da yawa sun riga sun saka ladan hidima a ciki, kashi 10 zuwa 15, kar ki biya sau biyu.

Likitan Gobe: Ƙwarai. Kuma Anti jirginku a tashar Keleti zai ajiye ku, metro na nan ƙarƙashinta. Ku sayi tikitin awa 72 a manhajar BudapestGO ko a injin tasha, ya ɗauke muku metro da taram da bas gaba ɗaya, yaro ƙasa da shekara 6 ba ya biya. In tikiti ɗai-ɗai kuka saya to dole a buga shi a inji kafin a shiga metro, ko da zarar an hau taram ko bas, masu duba tikiti ba sa jin "ni baƙo ne ban sani ba", tara ce nan take.

Maman Haidar: Madalla, ina rubutawa. To abinci fa? Shi ne babban tsorona wlh.

Likitan Gobe: Tsoronki na kan hanya. Matsalar ba naman da ido ke gani ba ne, kitsen ne, girkinsu na gargajiya da yawa da kitsen alade ake soya albasar farko, ko miyar gulash ɗin nan da ake ta yabo da naman sa ake yi amma ba ki san da me aka fara shi ba, ga kuma maganar yanka. In kin ga sertés a takardar abinci alade ne, szalonna ma shi ne, zsír kitse. Har wani ɗan burodi da suke ce wa pogácsa wani lokaci da ƙanzon kitsen alade ake kwaɓa shi, ki tambaya. Amma ba za ku kwana da yunwa ba, shagunan Turkawa da Larabawa sun cika babban titin da taram 4 da 6 ke bi, ki tambaye su ko halal ne kai tsaye don ba kowane mai shawarma ne Musulmi ba. Sai miyar kifi, halászlé, ja wur da barkonon paprika, lokacin Kirsimeti kowa ita yake ci.

Hajiyar Manchester: Ka manta lángos! Kamar ƙaton fanke ne aka baje shi a mai, a shafa tafarnuwa a zuba kirim mai tsami da cuku a kai, da zafinsa a cikin sanyin nan hmm ba a magana. Ki dai ce a ba ki marar nama. Da wannan na sandan da ake naɗe ƙullu a gasa a kan wuta a barbaɗe da suga da kirfa, Haidar zai so shi. Amma a kasuwar Kirsimeti ta gaban cocin Basilica da ta dandalin Vörösmarty tsada ce tsagwaronta, ki je ki yi kallo ki ɗau hoto, cin kuma ki shiga lungu biyu baya. Abin sha mai zafi da za ki ga kowa riƙe da kofi giya ce aka dafa, ko wanda suke ce wa fanc ɗin ma yawanci da giya, ki nemi shayi ko koko.

Alhaji Na Kwari: To kun ji. Ga alade ga giya ga kasuwar Kirsimeti. Me ya yi saura?

Malam Mai Alli: Saura tarihi Alhaji, kuma tarihin da ya shafe ka. Garin nan Musulmi sun mulke shi shekara 145. Bayan yaƙin Mohács a 1526 inda sarkin Hangari ya mutu, Sultan Sulaiman na daular Turkawa ya karɓe Buda a 1541, ba su fita ba sai 1686 da rundunar haɗin gwiwa ta Kiristocin Turai ta ƙwace. Cocin Matthias ɗin nan mai rufi kala-kala da kowa ke ɗaukar hoto a kan dutsen fada, a zamanin masallaci aka mai da shi. Gidajen wankan ruwan zafi irin Rudas da Király ginin Turkawa ne na ƙarni na 16, ƙubbar na nan har yau. Sannan akwai hubbaren Gül Baba, wani darwishi ɗan ɗariƙar Bektashi da ya rasu a 1541 ɗin, ɗan gini mai kusurwa takwas a kan tudu kusa da gadar Margit ta ɓangaren Buda, an gyara wajen tare da gwamnatin Turkiyya aka sake buɗewa a 2018, shugaban Turkiyya Erdoğan da firaministan Hangari na lokacin Orbán duk sun halarta. Maman Haidar in kin hau can kina hango gari a ƙasa, kuma ba cunkoso, yawancin 'yan yawon buɗe ido ba su ma san da shi ba.

Abu Hanan: Malam da girmanka kake tura mace ziyarar kabarin waliyyi a ƙasar Turai? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Mu ji tsoron Allah.

Malam Mai Alli: Malam Abu Hanan ba ta ɗaura sirdi don kabari ba, hutu za ta je da mijinta, ni kuma ban ce ta roƙi wani abu a wajen ba. Ta je ta ga inda Musulunci ya kai a tsakiyar Turai da yadda ya janye, ai Alƙur'ani ma cewa ya yi ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ƙarshen na gabanku ya kasance. In ta yi wa mamaci sallama da addu'a ina laifin?

Abu Hanan: Daga haka ake farawa. Yau sallama gobe shafa bango.

Ɗan Damagaram: Kai jama'a, daga tambayar hutu mun koma Izala da Ɗariƙa, ko a nan ma ba za mu huta ba 😂

Admin: Malamai don Allah a tsaya a kan tambayar baiwar Allah, wancan zauren daban ne. Wanda ya ƙara za mu goge.

Maman Haidar: Na gode Admin. Malam Mai Alli ni dai tarihin ya ja ni sosai ban taɓa sani ba. Amma tudu da yaro cikin sanyi, zai yiwu?

Malam Mai Alli: Zai yiwu in kun bi ta matakalar titin Mecset daga tashar taram, ba nisa. Kar ku bi ta titin Gül Baba ɗin kansa in an yi ƙanƙara, duwatsu ne kuma ya miƙe sosai, santsi gare shi.

Injiniya Kt: Ni fa ina da ja a kan kalmar tsohon gari da mutane ke yawan faɗa a kan Budapest. Na je na gani, kyau kam akwai, amma yawancin abin da ake nuna maka ba tsoho ba ne. Budapest ɗin kanta sai 1873 aka haɗa Buda da Óbuda da Pest suka zama gari ɗaya. Fisherman's Bastion mai hasumiyoyi bakwai da ake ɗauka ganuwar zamanin da ce, tsakanin 1895 da 1902 aka gina ta don ado kawai, ba a taɓa kare gari daga kanta ba. Majalisa 1904 aka gama. Fadar sarki kuma ta ƙone a ƙawanyar da sojojin Sobiyet suka yi wa garin daga Disamba 1944 zuwa Fabrairu 1945, Jamusawa suka fasa gadoji, abin da kake gani gyaran baya ne. In tsufa ake nema a je Rum ko Prague.

Malam Mai Alli: Injiniya duk lissafinka daidai ne amma ai abin da ka lissafo shi ne tarihin. Dubi shekarun da kyau, kusan duk a zagayen 1896 suke, shekarar da suka yi bikin cika shekara 1000 da zuwan ƙabilun Magyar, kakannin 'yan Hangari, ƙasar, shi ya sa hasumiyoyin bakwai ne, adadin shugabannin ƙabilun, shi ya sa tsayin Majalisa mita 96 kuma Basilica ma 96. Mutane ne da ke ƙarƙashin inuwar Biyenna suna son nuna su ma sun isa, sai suka zuba kuɗi a gini cikin 'yan shekaru. Layin metro na 1, mai launin rawaya, a 1896 ɗin aka buɗe shi, a duk Turai Landan ce kawai ta riga su. Ka shiga ka ga 'yan tashoshin da tayil da katako, matakala kaɗan ce daga titi. Wannan bai isa a kalla ba sai lallai dutsen shekara dubu biyu?

Injiniya Kt: Ban ce kar a kalla ba Malam, cewa na yi a san abin da ake kallo. Metron kam na yarda, ni ya fi burge ni a kan fadar.

Hajiyar Manchester: Ku maza da gardamar shekaru. Ƙanwata abin da ya tsaya min a rai ni takalman nan ne a bakin kogi kusa da Majalisa, takalman ƙarfe ƙafa 60, na maza na mata har na yara, an ajiye su ne a 2005 don tunawa da Yahudawan da 'yan jam'iyyar Arrow Cross masu goyon bayan 'yan Nazi suka jera a wajen a hunturun 1944 zuwa 45 suka sa su cire takalma suka harbe su suka faɗa ruwa. Kina tsaye iskar tana dukan fuskarki da jaket ɗinki da safar hannu kina tuna su a wannan watan aka tsayar da su ba takalmi, wlh jikina ya mutu. Ki shirya amsar da za ki ba Haidar don sai ya tambaya.

Maman Haidar: Innalillahi. Allah ya kiyaye mu da zalunci. To maganar wankan ruwan zafin fa, maigida ya dame ni da hoton wani waje mai ginin rawaya tururi na tashi mutane cikin ruwa a fili.

Likitan Gobe: Széchenyi kenan, tun 1913 yake, ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da zafinsa, na wajen yana kai digiri 38 ko ana sanyin me. Amma Anti maza da mata a haɗe suke da kayan iyo, ki san wannan tun yanzu, kuma ruwan zafin ba a son yara ƙasa da 14 su shiga. Rudas ne ke ware ranaku a ɓangaren Turkawa, wasu ranakun mako maza zalla, Talata mata zalla, Asabar da Lahadi a haɗe. Suna canza tsarin lokaci-lokaci, ku duba shafinsu kafin ku saya. Tunda ku Alhamis za ku iso Talata ta wuce ki, sai dai Yaya ya gwada safiyar Juma'a shi kaɗai.

Maman Haidar: Wato shi ya je ya jiƙa ƙashinsa ni in zauna da yaro ko? Za mu yi wannan maganar a gida 😅

Hajiyar Manchester: Ki ce masa ranar Asabar shi zai riƙe Haidar a filin zamiyar ƙanƙara na City Park, yana nan bayan dandalin Jarumai, ana ba da hayar takalmin a wajen, ke kuma ki shiga babbar kasuwar rufi ta bakin gadar Szabadság ki sayo paprika da tsarabar ki a nutse. Ramuwa kenan.

Abu Hanan: Tunda dai tafiyar ba fashi, a kula da salla. Kuna da ƙasaru tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, kuma matafiyi na iya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha, wannan zai sauƙaƙa muku da gajartar ranar. Shi kuma maigida ya nemi masallaci ya yi Juma'a in ya samu hali, ya fi masa wankan.

Likitan Gobe: Akwai babban masallaci a titin Fehérvári ta ɓangaren Buda, taram na zuwa wajen, da wasu ƙanana a Pest. Malam duka biyun za su yiwu, wanka da safe Juma'a da rana.

Ummu Sultan: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ina Leeds da fasfon Najeriya, takardar zaman Ingila ta isa in shiga ko sai biza?

Ɗan Damagaram: Sai biza 'yar uwa. Hangari na cikin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun 2007, Ingila kuma ba ta ciki. Su Maman Haidar takardar zaman Jamus ta ishe su, su dai riƙe fasfo da katin a jiki don ana iya dubawa a jirgi wajen iyaka. Ke kuma yuro 90 ne kuɗin bizar babba tun 2024 ban da na ofishin da ke karɓar takardu, ga inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani har yuro 30,000, kuma samun ranar ganawa kusa da Disamba aiki ne. Don hutun ƙarshen mako ɗaya ni ban ga ribar ba, gara ki haɗa da Biyenna tunda jirgin ƙasa bai kai awa 3 ba tsakaninsu, sai ki nema a ofishin ƙasar da za ki fi daɗewa. In kin sauka ta sama bas 100E ke kawo mutum tsakiyar gari, tikitinsa daban ne.

Alhaji Na Kwari: Yuro 90 kafin ma a taka jirgi. Ni dai na yi shiru. Hajiya in kin je ki duba min ko suna da yadi mai kyau a kasuwar.

Hajiyar Manchester: Alhaji ashe kai ma kana so 😂 yadin teburi ne mai surfani suke da shi ba shadda ba.

Maman Haidar: Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mun yanke za mu je. Yadda na tsara, Juma'a da sassafe dutsen fada da cocin Matthias sai hubbaren in ƙafa ta yarda, yamma taram 2, Asabar Majalisa da takalman da kasuwa. Wankan Yaya kuma sai ya nemo masa gurbi da kansa. Tambaya ta ƙarshe, otal a Buda ko Pest? Kuma hawa dutsen fadar sai da ɗan jirgin igiyar nan da ke jan mutane sama?

Likitan Gobe: Pest Anti, gunduma ta 5 ko ta 6 kusa da Deák Ferenc tér inda layukan metro uku suka haɗu. Ki guji tsakiyar gunduma ta 7 wajen titin Kazinczy, mashaya ne birjik hayaniya har asuba. Jirgin igiyar kuɗinsa daban kuma layi gare shi, bas 16 daga Deák zai kai ku har sama da tikitinku na awa 72. Majalisa kuma ki sayi tikiti ta intanet tun yanzu don yana ƙarewa, na waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba ya fi tsada kuma da fasfo suke dubawa ba da inda mutum ke zaune ba, ku tafi da shi ranar.